Shawara Ɗaukar Ɗaki: Haƙƙin Mutanen Karkara A Kan Tsarin Kiwon Lafiyarsu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayawa Mai kashewa, wanda lafiya da ciwo duk suna hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, maganar wannan mako ta shafi wata amana ce wadda ta rataya a wuyan shugabanni da talakawa baki ɗaya, watau neman shawarar mutanen karkara kafin a tsara musu aikin asibiti da na taimakon gajiyayyu. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan al'amari kamar sha'anin ma'aikatan gwamnati ne kurum, ba ruwan addini da shi. Alhali kuwa shawara tana cikin siffofin da Allah Ya yabi muminai da su, kuma tsare rai yana cikin manyan abubuwa biyar da malamai suka ce shari'a ta zo domin ta kiyaye. Ƙasar Zuru za a ɗauka misali, domin halin da take ciki ya isa ya buɗe idon mai hankali.

Masarautar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1991. Ƙananan hukumomi huɗu ne a cikinta: Zuru, da Fakai mai hedkwata a Mahuta, da Danko/Wasagu mai hedkwata a Ribah, da Sakaba mai hedkwata a Dirin Daji. Ƙasa ce ta duwatsu da rafuka, wadda in damina ta sauka sai wasu ƙauyuka su yanke daga babbar hanya. A cikinta akwai Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna, akwai Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani, kowa da harshensa da al'adarsa. Akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu bin addinin gargajiya. Daga can zuwa Birnin Kebbi, inda ake zama a rubuta tsare-tsare, tafiyar sa'o'i ce a mota. To, yaya mutumin da yake zaune a ofis zai san abin da ya dace da irin wannan ƙasa, in bai tambayi masu ita ba?

Ga misali guda. Binciken da aka yi a duk faɗin Nijeriya a shekarar 2021 ya nuna cewa cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada jininsu a Jihar Kebbi, kashi 49 cikin ɗari suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba kuwa wata jiha da ta kai wannan adadi. Saboda haka da aka soma ba da allurar rigakafin wannan cuta a watan Disamba na 2024, Kebbi da Bayelsa aka fara kai wa. Amma allurar ba sau ɗaya ake yinta ba. Sau huɗu ne: yaro yana wata 5, da wata 6, da wata 7, sa'an nan yana wata 15. Watau sai uwa ta goyo ɗanta ta je ɗakin shan magani har sau huɗu, da yardar maigidanta, a ranar da ba ta kasuwa ba ce, a lokacin da rafi bai kawo ba. Gwamnati tana da ikon sayen allura, amma sanin ranar da uwa za ta iya fitowa yana wurin uwar da mijinta da mai unguwarsu.

Matsayin shawara a cikin Alƙur'ani

Allah Ya sa wa sura guda sunan shawara, ita ce Suratush Shura, sura ta 42. A aya ta 38 Ya lissafa halayen bayinSa na gari, sai Ya ambaci shawara a tsakanin tsai da salla da ciyar da dukiya. Malaman tafsiri sun lura da wannan jeri, suka ce abin da aka ajiye tsakanin salla da ciyarwa ba ƙaramin abu ba ne a addini. A Suratul Baƙara kuma, aya ta 233, an nuna cewa ko yaye jariri kafin cikar shekara biyu sai da yardar uwa da uba da shawara a tsakaninsu. In yayen yaro ɗaya yana bukatar shawara, ina ga tsarin da ya shafi lafiyar yaran gari guda?

Wadda ta fi ban mamaki ita ce aya ta 159 a Suratu Ali Imrana. Kafin yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fi son a tsaya cikin Madina a tari abokan gaba. Yawancin sahabbai, musamman matasa, suka fi son a fita fili. Ya bi ra'ayinsu, aka fita, Musulmi kuwa suka sha wahala, sahabbai kimanin saba'in suka yi shahada. Duk da haka, ayar da ta sauka bayan wannan musiba umurtarsa ta yi da ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya kuma ci gaba da shawara da su. Saboda haka shugaban da ya ce ya taɓa tambayar talakawa suka ɓatar da shi, don haka ya daina, ba shi da hujja. Wanda wahayi yake sauko wa ma ba a ɗauke masa wannan nauyi ba.

Abin da magabata suka aikata

A ranar Badar, da rundunar Musulmi ta sauka a wani wuri, sai Hubabu ɗan Munziru, Allah Ya yarda da shi, ya tambayi Annabi ko wahayi ne ya zaɓi wannan masauki ko kuwa dabarar yaƙi ce. Da aka ce masa dabara ce, sai ya ba da shawara a matsa gaba zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, domin ya san wurin da ruwansa. Annabi ya karɓa, aka tashi aka koma can. Wannan ƙissa ta dace ƙwarai da maganar zaɓen wurin da za a gina asibiti. Sau da yawa a karkara akan kafa ɗakin shan magani a inda aka sami fili kyauta, ko a ƙauyen wani mai faɗa a ji, sa'an nan a ga mafi yawan jama'a suna hayin rafi, mai naƙuda ba ta da hanyar ƙetarewa daga watan Yuli zuwa Satumba. Da an tambayi tsofaffin wurin tun kafin a aza harsashi, da sun faɗa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A kan sha'anin annoba kuwa, babu darasin da ya fi na Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi. A shekara ta 17 bayan Hijira, wasu malaman tarihi su ce ta 18, ya nufi ƙasar Sham. Da ya iso wani wuri da ake kira Sargu, sai Abu Ubaida ɗan Jarrahu da sauran sarakunan yaƙi suka tarye shi da labarin cewa annoba ta ɓarke a can. Umaru bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya kira Muhajiruna na farko, suka saɓa wa juna. Ya kira Ansaru, su ma suka saɓa. Sa'an nan ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan a koma. Bayan ya yi azamar komawa ne Abdurrahmanu ɗan Aufu, wanda ba ya nan lokacin da ake shawarar, ya iso da hadisin da ya ji daga bakin Annabi, mai hana shiga ƙasar da annoba ta faɗa wa da kuma fita daga cikinta don gudu. A lura da abu biyu a nan. Na farko, Halifa ya bi jama'a rukuni rukuni, bai tsaya ga na kusa da shi ba. Na biyu, ilmin da ya warware matsalar yana wurin mutumin da bai halarci taron ba. Kowane mai tsara aikin lafiya ya kamata ya tambayi kansa, wane ne ba ya cikin ɗakin nan wanda ya san abin da ba a sani ba?

Har ila yau, Umaru ya taɓa kafa doka cewa ba a yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Wata rana da dare yana gadin wani ayari da ya sauka a Madina, sai ya riƙa jin kukan jariri. Da ya bincika, uwar, wadda ba ta gane shi ba, ta gaya masa cewa tana tilasta wa yaron yaye ne kafin lokaci domin ya sami rabonsa. Umaru ya yi kuka, da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun daga ranar haihuwarsa. Dokar an yi ta da kyakkyawar niyya, amma cutarwar da take yi ba ta bayyana ba sai da aka saurari mace guda matalauciya.

Wannan tafarki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa shawara cikin ginshiƙai biyar na mulki. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, wanda kabarinsa yake cikin Jihar Kebbi, ya ƙarfafa ta a cikin Liya'ul Hukkami. Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis suke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su isar wa mata a gidajensu. Ta gane cewa matar karkara ba a iya kai mata saƙo sai ta bakin 'yar'uwarta.

Abin da zamani ya gwada

A cikin shirin raya ƙasa na uku, daga 1975 zuwa 1980, Nijeriya ta yi wani babban tsari na kafa ƙananan asibitoci a karkara. An kashe kuɗi mai yawa a kan gine-gine da kayan aiki, amma ba a sa jama'a cikin shirin ba, da yawa daga cikin gine-ginen ma ba a gama su ba. A watan Satumba na 1978 wakilan ƙasashe 134 suka taru a birnin Alma-Ata, a ƙasar Kazakistan ta yanzu, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince cewa haƙƙi ne kuma wajibi ne ga mutane su sa baki a tsara kiwon lafiyarsu da gudanar da shi. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka ƙara jaddada haka a Bamako. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen kafa kwamitocin lafiya a ƙauyuka, kuma a 1992 aka kafa hukumar tarayya mai kula da kiwon lafiya matakin farko.

Amma darasin da ya fi zafi shi ne na shan-inna. A shekarar 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin wannan cuta saboda jita-jitar cewa an gurɓata maganin. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yaransu ba lokacin annobar sanƙarau ta 1996, saboda haka zargi ya sami gindin zama. Kano ba ta koma ga rigakafin ba sai watan Yuli na 2004, cutar kuwa ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama, yara suka shanye. Abin bai daidaita ba sai da aka koma ga masu jama'a. A 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya matakin farko, wanda daga baya Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera, ya shugabanta. Hakimai da dagatai da masu unguwa da limamai suka shiga gida gida, aka saurari koke-koken mutane, aka amsa tambayoyinsu. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ba da sanarwar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Maganin da aka ƙi a 2003 irinsa aka karɓa daga baya; abin da ya sāke shi ne an nemi mutane ta hannun waɗanda suka amince da su.

Yanzu kuwa doka ta buɗe ƙofa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya na farko, kuma wani ɓangare nasa yana shiga kai tsaye cikin asusun ƙaramin asibitin da aka zaɓa a mazaɓa. Jihar Kebbi tana da mazaɓu 225 a ƙananan hukumomi 21. A ƙa'idar tsarin, kowace mazaɓa tana da kwamitin raya mazaɓa, wanda ya ƙunshi wakilan ƙauyuka da malaman addini da mata da matasa, kuma shugaban kwamitin yana sa hannu tare da shugaban asibiti kafin a fitar da kuɗi. Watau majalisar shawara tana nan a rubuce. Saura a raya ta da gaskiya da tsoron Allah.

Shawara ta gaskiya da ta jeka-na-yi-ka

Wani zai ce, manomin da bai yi karatu ba, me ya sani game da aikin likita? Amsa ita ce ilmi iri biyu ne. Yawan maganin da za a ba yaro, da yadda ake ajiye allura cikin sanyi, wannan na masana ne, Alƙur'ani kuwa ya yi umurni a tambayi masu sani a kan abin da ba a sani ba. Ba a jefa ƙuri'a a kan irin wannan. Amma akwai sanin da ba ya cikin littafin likita: wace hanya ce take yankewa da damina, wane wata ne maciji ya fi sarar manoma, wane ƙauye ne ba a jin Hausa sosai sai C'lela, me ya sa matan wani gari suka gwammace haihuwa a hannun ungozoma, wa yake da motar da za a iya tasa da tsakar dare. A ƙissar dabino ta Madina, Annabi da kansa ya bar wa manoma sanin sha'anin gonarsu.

Sharaɗi na farko shi ne a yi tambaya kafin a yanke hukunci. Tara mutane a ƙarƙashin rumfa bayan an riga an ba da kwangila, a karanta musu jawabi su tafa, wannan sanarwa ce, kiranta shawara kuwa yaudara ce.

Sharaɗi na biyu, a nemi waɗanda abin ya fi shafa. Mata su ne masu ciki da goyo da jinya, amma su ne ba a cika ji daga gare su ba. Annabi ya karɓi shawarar Ummu Salama a Hudaibiyya a lokacin da al'amari ya rikice wa manyan sahabbai, kuma Rufaida Ba'aslamiya tana da tanti a masallacinsa inda take jinyar masu rauni. In kunya ko al'ada ta hana mata magana a gaban maza, sai a yi musu zama na dabam tare da malamar asibiti da ungozomomi, a rubuta abin da suka faɗa a kawo majalisa, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Haka nan Fulanin ruga, da makafi da guragu, da tsofaffin da ba su da mai ɗauke musu nauyi.

A ƙasar Zuru akwai wani rukuni kuma da bai kamata a manta da shi ba. 'Yan bindiga sun addabi yankunan Danko/Wasagu da Sakaba shekara da shekaru. A watan Maris na 2022 kaɗai an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba. Bayan kowane mamaci akwai mata da marayu, kuma mutanen ƙauyuka da dama sun yi hijira sun raɓa da dangi a garuruwan da suka fi tsaro. Wanda ya bar ƙauyensu ba ya cikin lissafin mazaɓar da ya sauka, saboda haka in ba a neme shi da gangan ba, tsari zai tsallake shi. Masu rabon zakka da wakafi da kayan agaji su tambayi waɗannan bayin Allah abin da suka fi bukata, ko hatsi ne, ko kuɗin magani, ko makarantar yara, ko ɗan jarin sana'a, kada a yi ta kai musu tabarmi alhali ciwo ne yake cinsu.

Sharaɗi na uku, kada a ware maƙwabci saboda addininsa ko ƙabilarsa. Sauron da ya ciji ɗan liman shi ne zai ciji ɗan fasto, rijiyar da ta gurɓace kuwa kowa ta shafa. Annabi ya rubuta yarjejeniyar zama tare da Yahudawan Madina a kan tsaron garin, kuma haƙƙin maƙwabtaka yana nan ko da addini ya bambanta. Mutanen da suka gāji aikin gayya, da golmo na samarin Dakarkari, ba sai an koya musu haɗa hannu ba.

Sharaɗi na huɗu, a komo wa jama'a da bayani. In sun nemi abu biyar aka iya biyu, a gaya musu dalili. Kuɗin da ya shigo asusun asibiti da yadda aka kashe shi, a karanta a bainar jama'a. Kwamitin da aka cika da yaran ɗan siyasa, ko shugaban da yake sa hannu a takardar da bai karanta ba don a ba shi na goro, su sani cewa cin amana suke yi, kuma ran da ya salwanta saboda rashin maganin da aka ci kuɗinsa za a tambaye su a kansa.

Nauyin da yake kan talakawa

Shawara ɗaukar ɗaki ce, in ji Hausawa, jinka kuwa ba ta ɗaukuwa in masu kama gefe ɗaya sun noƙe. Manzon Allah ya bayyana cewa wanda aka nemi shawararsa amana aka danƙa masa. Saboda haka wanda aka kira taron mazaɓa ya ƙi zuwa, sa'an nan ya zauna a majalisar shayi yana zagin hukuma, ya tauye haƙƙin iyalinsa. Wanda ya je ya yi shiru don tsoron dagaci, ko ya nemi a kai asibiti ƙofar gidansa alhali ya san wani ƙauye ya fi bukata, ya yi shaidar zur. Wanda ya ji jita-jita a kan allura ya yaɗa ba tare da bincike ba, ya tuna da yaran da suka shanye bayan 2003. In kuwa an gama shawara an tsai da magana, to, wajibi ne a mara mata baya ko da ba ra'ayin mutum aka ɗauka ba, kamar yadda Annabi ya ƙi tuɓe sulkensa ranar Uhudu bayan ya riga ya sa, ko da yake waɗanda suka matsa a fita sun so su janye.

Limamai da masu wa'azi su ma suna da rabonsu. Babu laifi liman ya sanar da ranar taron kwamiti bayan sallar Juma'a, ya kwaɗaitar da magidanta su bar matansu su je awon ciki, ya kuma zauna a kwamitin ya zama idon marayu da gajiyayyu. Malamin da yake wanke gawar jarirai duk damina ya fi kowa sanin abin da zazzaɓi yake yi wa garinsu, bai kamata a rasa muryarsa a wurin da ake neman hanyar tsare rayukansu ba.

Allah Ya ba shugabanni kunnen sauraro da zuciyar adalci, Ya ba talakawa ƙarfin faɗar gaskiya cikin ladabi. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya maido da zaman lafiya a ƙasar Zuru da Jihar Kebbi da Nijeriya baki ɗaya. Amin.